Jihar Savannah ta Ghana: mutumin Salaga sai ya ratsa Tamale kafin ya isa Damongo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, mu sa baki a maganar ƙirƙiro sababbin jihohi, wadda ta sake tashi tun da aka karanta a zauren Majalisar Wakilan Najeriya, a Fabrairun 2025, cewa buƙatu 31 sun iso gaban kwamitin gyaran tsarin mulki. Duk lokacin da zancen ya taso akan kawo Ghana misali, a ce ai su sun ƙara jihohi shida da ƙuri'ar rana ɗaya, ba soja, ba dokar soja. Haka ne, an yi. Sai dai mai ɗaukar darasi gara ya ɗauka da cikarsa. Shi ya sa muka ware ɗaya daga cikin shidan, wato jihar Savannah, mu bi ta daki-daki: yadda aka kafa ta, wa ke riƙe da ita, da irin sharaɗin da koguna suka gindaya mata wanda babu shi a takarda.

Ƙasar da ake magana ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce Gwanja ta fatake, inda ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi da jar fata, su ɗauki goron da aka fito da shi daga dazukan Asante. Salaga ce kasuwar, kuma ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, har da bayi. Yaƙin sarauta na 1892 ya tarwatsa garin, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, amma har gobe da Hausa ake ciniki a Salaga. Abin da ya sami wannan gari a sabon tsari ya shafi danginmu kai tsaye.

Kafin 2019 Gwanja tana cikin jihar Arewa, mai hedikwata a Tamale. Faɗin waccan jiha ya haura murabba'in kilomita 70,000, kusan kashi 30 cikin 100 na Ghana baki ɗaya, kuma rabin wannan fili ƙasar Gwanja ce. Tun 1983, da aka yanke Upper West, jihohin ƙasar ba su motsa daga goma ba. Kukan mutanen Bole da Sawla, garuruwan yammacin Gwanja, sananne ne: Tamale ta yi nisa, kuma suna ganin manyan ayyuka a can suke maƙalewa. Manyan jam'iyyun biyu, NPP da NDC, duk sun yi alkawarin sababbin jihohi a yaƙin zaɓen 2016. Da Nana Akufo-Addo ya ci, sai ya buɗe ma'aikata sukutum don wannan aiki, ya ɗora Dan Botwe a kanta.

Sashe na 5 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ne ya shata hanyar. Da farko jama'a su kai wa shugaban ƙasa takardar koke. Shi kuma ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai ya miƙa ta ga Majalisar Magabata ta Ƙasa, wadda aikinta shi ne ba shugaba shawara. Idan ta ga neman yana da ƙarfi, ta ba shi shawara ya naɗa hukumar bincike. Aikin hukumar shi ne ta tabbatar da abu biyu, cewa akwai buƙata ta gaske, kuma jama'a masu yawa ke nema. In ta gamsu, ita ce za ta faɗi abin da za a tambayi mutane da wuraren da za a kaɗa ƙuri'a. Daga nan shugaba ya miƙa wa hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba-gardama. Sharaɗin cin ƙuri'ar biyu ne: aƙalla rabin waɗanda ke cikin rajista su fito, sannan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fito su ce e. Idan an samu, shugaba ya sa hannu a takardar doka, shi ke nan jiha ta tabbata.

A lura, ba a neman yardar sauran jihohi. Nan ne babban bambanci da Najeriya, inda sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi sun goyi baya, sai kashi biyu bisa uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'a, sai rinjayen jihohin tarayya sun yarda, sannan kowace majalisa ta tarayya ta zartar da kashi biyu bisa uku. Shi ya sa tun Mid-West a 1963 farar hula ba su sake haifar jiha ba. Ghana ta iya ne don hanyarta gajera ce, kuma hanyar ta gajarta ne don abin da ake rabawa kaɗan ne, kamar yadda za mu nuna.

An rantsar da hukumar binciken a Oktoban 2017, mutum tara, ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a S. A. Brobbey. Ta zaga ta saurari jama'a, ta miƙa rahoto a ƙarshen Yunin 2018, ta ba da shawarar jihohi shida: Savannah da North East daga jihar Arewa, Bono East da Ahafo daga Brong-Ahafo, Oti daga Volta, sai Western North daga jihar Yamma. Ta kuma ce mutanen yankin da za a yanke su kaɗai za su yi zaɓe. Wasu daga Volta suka garzaya Kotun Ƙoli, suna cewa wanda za a rage wa jiha shi ma yana da ta cewa. A Nuwamban 2018 kotu ta yi watsi da ƙarar. Wato mutumin Tamale da na Yendi ba a tambaye su ba, ko da yake jiharsu ce za a raba uku.

Waɗannan sharuɗɗa biyu na ƙuri'a suna da wani lahani da ba a cika faɗa ba. Masu rajista a yankin Savannah sun ɗan haura 250,000. Ke nan sai mutum wajen 127,000 sun fito kafin ma a fara duba e ko a'a. Wanda ba ya so, ɗaya daga dabarunsa ita ce ya zauna a gida. Mamaci da sunansa bai fita daga rajista ba, da ɗan ci-rani da ke Kumasi, duk lissafinsu ɗaya da mai adawa. Saboda haka duk ƙarfin masu neman jiha ya koma kan cika akwati, kuma tun da jam'iyyu biyu da sarakuna duk gefe guda suke, babu wakilin a'a da zai tsaya a rumfa ya sa ido. An yi zaɓen ranar 27 ga Disamban 2018. A Savannah fitowa ta haura kashi 80, masu e sun haura 206,000, masu a'a ba su kai 700 ba. Sauran biyar ɗin ma duk a kusa da kashi 99 suke. Ƙungiyar masu sa ido ta cikin gida, CODEO, ta nuna damuwa kan yawan mutanen da aka tantance da hannu maimakon na'ura, kuma hotunan bidiyo sun yaɗu na masu dangwala ƙuri'u da yawa. Ba ma shakkar cewa galibin mutanen Gwanja suna son jiharsu. Amma zaɓen da babu mai hamayya a rumfa, adadinsa ba ya gaya maka waye bai gamsu ba, kuma marasa gamsuwar nan su ne ake haɗuwa da su daga baya.

Ba a ma jima ba aka haɗu da su. Takardar ƙuri'a ba ta tambayi kowa inda hedikwata za ta zauna ba. Salaga da Buipe da Bole da Damongo kowacce ta sa rai, kuma kowacce ta fitar da mutanenta suka ce e da wannan rai. Ranar 12 ga Fabrairun 2019 shugaban ƙasa ya miƙa takardar doka mai lamba C.I. 115, ya ce Damongo. A daren nan matasa a Salaga suka cinna wa ofishin jam'iyyar NPP wuta. Hujjar Damongo tana da ƙarfi: nan fadar Yagbonwura take, sarkin sarakunan Gwanja, wanda a lokacin Tuntumba Boresa na ɗaya ne, kuma a taswira garin ya fi sauran kusa da tsakiya. Ministan jiha (wato wanda ke shugabantar jihar) na farko da aka naɗa, Salifu Adam Braimah, shi ne ɗan majalisar Salaga ta Kudu, kuma ba sai an faɗa ba, kowa ya gane rarrashi ne. Kujerar minista dai ta shekaru ce. Hanya kuwa tana nan.

A nan muke son mai karatu ya dakata, domin taswirar da ake nunawa a taro ba ta nuna abin da direba ya sani. Kogi biyu ne ke mulkin wannan jiha. Baƙin Volta ya bi iyakar yamma, tsakaninta da Kwaddebuwa, ya karkato kudu ta Bamboi, ya wuce Buipe. Farin Volta ya gangaro daga Burkina Faso, ya bi ta Daboya da Yapei. Biyun suka haɗu suka zama bakin tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta tara tun shekarun 1960. Sakamakon haka jihar ta rabu gida biyu. Damongo da Bole da Sawla da Daboya suna yamma da Farin Volta. Salaga da Kpembe da Kpalbe suna gabas, kuma hanyarsu ta kwalta Tamale ta nufa.

Daga Salaga zuwa Tamale wajen kilomita 120 ne. Daga Tamale zuwa Damongo ma wajen 120. Malamin makaranta a Salaga da ke bin takardar ƙarin girma, dā mota ɗaya zai hau ya je ya dawo a yini. Yanzu sai ya shiga Tamale, hedikwatar jihar da aka raba shi da ita, ya sauya mota, ya bi titin Kumasi, ya haye gadar Yapei, ya karya a mahaɗar Fufulso, sannan ya isa Damongo. Tafiyarsa ta ninka. Mutumin Bole kuwa tasa ta ragu da kusan rabi. An kawo gwamnati kusa da yamma, an nisanta ta da gabas, da sa hannu ɗaya. Gwamnati ta gane haka, shi ya sa ta fara aikin hanyar Bunjai, da ke ɓangaren Salaga, zuwa Fufulso don haɗa ɓangarorin biyu ba tare da shiga Tamale ba. A ganinmu wannan hanya ce ya kamata ta riga takardar doka, ko aƙalla kuɗinta ya shiga kasafin da aka kafa jihar da shi.

Akwai kuma batun gadoji. Mahaɗar Fufulso, inda hanyar Damongo ta rabu da babban titin Kumasi zuwa Tamale, tana tsakanin gada biyu ne, ta Buipe a kudu da ta Yapei a arewa. Tsofaffin gadoji ne, kuma su ke ɗauke da manyan motocin da ke kai kaya Burkina Faso da Mali da Nijar daga tashar Tema. A ƙarshen 2017 an rufe su duka biyu na makonni don gyara, arewacin Ghana ya ji a jika. Duk ranar da ta Yapei ta sami matsala, hanyar Damongo ta kai tsaye zuwa Tamale da Salaga ta yanke. Abin da ya ceci yamma shi ne titin Fufulso zuwa Sawla, kilomita 147, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa aka gama a 2015. Ba don wannan titi ba, da zancen Damongo ta zama hedikwata ma bai taso ba.

Daboya, hedikwatar gundumar Gwanja ta Arewa, garin gishiri da saƙa da rini, tana bakin Farin Volta ta yamma, kasuwarta da babban asibitin da take dogara da shi suna Tamale ta gabas, kuma babu gada. Mota ta tsaya a gaɓa, mutane da babura da buhuna su shiga kwale-kwale. A watan Agusta zuwa Satumba, idan aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, kogin ya cika ya shanye gonakin fadama, fito ya zama kasada, ƙauyukan da ke hayi su yanke. A kudu maso gabas kuma, mai zuwa Salaga daga Kumasi ta Yeji sai ya jira jirgin fito ya kai shi Makango. Idan injin jirgin ya lalace, doyar da aka loda ta kwana a gaɓa.

Ga faɗi kuma. Savannah ce jiha mafi girma a Ghana yanzu, wajen murabba'in kilomita 35,000, kusan kashi 15 cikin 100 na ƙasar. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 653,266 a cikinta, wato ƙasa da mutum 20 a kowane murabba'in kilomita, mafi ƙaranci a ƙasar. Wannan adadi shi ke bayyana tsadar komai. Turken wuta da bututun ruwa da kwalta da kilomita ake biyansu, amfaninsu kuwa da yawan kai ake auna shi. Ɗakin shan magani da zai ishi mutum 5,000 a Kumasi cikin unguwa ɗaya, a nan sai ya tattaro ƙauyuka masu nisan yini a ƙafa. Damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a cikinta hanyoyin burji da yawa ba sa biyuwa.

To, wa ke mulkin wannan fili? Duk wanda ya saba da tsarin Najeriya sai ya sauke abin da ya sani. Babu gwamnan da aka zaɓa, babu majalisar dokokin jiha, babu harajin jiha, babu kason jiha daga asusun tarayya. Ghana ƙasa ce mai gwamnati ɗaya. Shugaban ƙasa ke naɗa ministan jiha da amincewar majalisar dokoki, kuma shi ke sauke shi ranar da ya ga dama. Bayan Braimah an yi Saeed Muhazu Jibril daga 2021, sai Salisu Be-Awuribe a 2025. Ministan yana shugabantar majalisar daidaita ayyukan jiha, wadda sashe na 255 ya faɗi 'ya'yanta: shi kansa da mataimakinsa, shugaban kowace gunduma da mai jagorantar zaman majalisarta, sarakuna biyu daga majalisar sarakunan jiha, sai shugabannin ma'aikatu waɗanda ke zama ba su da ƙuri'a. Aikinta sa ido ne da daidaita tsare-tsaren gundumomi. Ƙarfin minista na zahiri yana wajen tsaro, domin shi ke shugabantar kwamitin tsaron jiha.

Gundumomin bakwai ne: Gwanja ta Yamma a Damongo, Gwanja ta Gabas a Salaga, Gwanja ta Tsakiya a Buipe, Gwanja ta Arewa a Daboya, Gwanja ta Arewa maso Gabas a Kpalbe, sai Bole, sai Sawla-Tuna-Kalba a Sawla. Nan ne ɗan ikon da kuɗin suke. Jama'a ke zaɓar galibin 'yan majalisar gunduma, shugaban ƙasa ya naɗa waɗanda ba su wuce kashi 30 cikin 100 ba. Shugaban gunduma ma shugaban ƙasa ke kawo sunansa, sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar da suka halarta su amince. An shirya ƙuri'ar raba-gardama ranar 17 ga Disamban 2019 kan shigar da jam'iyyu zaɓen gundumomi, wadda aka haɗa da shirin barin jama'a su zaɓi shugaban gunduma da kansu, amma aka soke ta ana saura makonni biyu.

Kuɗin aiki na zuwa ne daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda sashe na 252 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, a biya duk wata uku bisa tsarin rabon da majalisar dokoki ta amince da shi. Daga Akra yake tafiya gunduma. Ko Bole tana ƙarƙashin Tamale ko Damongo, kasonta bai canja don an sauya mata jiha ba, kuma jinkirin biyan da aka saba kuka da shi bai ragu ba. Kuɗin filayen sarauta ma haka: ofishin da ke karɓa ya cire kashi 10, ragowar a raba, kashi 25 ga gadon sarautar, 20 ga majalisar gargajiya, 55 ga gunduma. Jiha ba ta da ko kwabo a ciki. Abin da aka ba kowace sabuwar jiha na farawa sidi miliyan 20 ne, wajen dala miliyan 4 a canjin lokacin. Wannan kuɗin ofis ne da gidajen jami'ai da motoci. Ba zai yi gada a Daboya ba.

Haka arzikin ƙasar yake, a jihar yake zaune amma ba a hannunta ba. Gandun dajin Mole, mafi girma a Ghana, sama da murabba'in kilomita 4,500, na hukumar gandun daji ta ƙasa ne. Madatsar Bui mai megawat 400, a kan iyaka da jihar Bono, tana da hukumarta. Tashar jiragen ruwa da rumbun mai na Buipe na kamfanonin gwamnatin tsakiya ne. Abin da ke hannun talaka shi ne doya da masara da rogo da kaɗanya da yazawa da shanu. Abin da ke fita da daddare kuma gawayi ne da katakon madobiya da zinaren galamse, wato wanda ake haƙa ba bisa ƙa'ida ba, na wajen Bole. A 2021 majalisar sarakunan jihar ce ta fito ta haramta sarar itace da ƙona gawayi na kasuwanci, wanda ya nuna inda ikon ƙasa yake a zahiri: a fada.

Kada a ce ba a sami komai ba. An samu. Kowace jiha tana da kujera ɗaya a Majalisar Magabata, shi ya sa 'ya'yanta suka tashi daga 25 zuwa 31. Kowace majalisar sarakunan jiha tana tura sarakuna biyar majalisar sarakuna ta ƙasa, don haka Gwanja da dā take raba biyar da masarautun Dagomba da Mamprusi da Nanumba yanzu tana da nata biyar. Akwai kwamandan 'yan sanda na jiha, da daraktocin lafiya da ilimi da noma da ba su da wani aiki sai wannan yanki. Babbar riba a ganinmu ita ce alƙaluma. Dā Tamale tana rufe Gwanja a cikin jimilla. Yanzu hukumar ƙididdiga tana fitar da Savannah ita kaɗai, sai ga shi ƙidayar 2021 ta nuna mutum ɗaya cikin uku ne kawai ke iya karatu da rubutu, mafi ƙaranci a ƙasar, kuma kusan rabin jama'ar suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, ninki biyu na jimillar ƙasa. Ciwon da aka auna ya fi sauƙin kai ƙara.

Gwamnati ta kuma yi wata dabara don kwantar da garuruwan da suka rasa hedikwata: ta rarraba ofisoshin ma'aikatun jiha a hedikwatocin gundumomi maimakon ta tara su a Damongo. A siyasance ta yi daidai. A aikace kuwa, a jihar da kogi ya raba, darakta yana cin yini a hanya don zaman sa'a biyu, kuma ɗan kwangilar da ke neman sa hannu uku sai ya zaga gari uku.

Sai batun iyaka, wanda ya fi kowanne haɗari. Sashe na 47 ya hana mazaɓa ɗaya ta faɗa cikin jiha biyu. Savannah ta tsira, domin an bi layin gundumomi ne, mazaɓunta bakwai suka shigo cikakku. Oti ba ta tsira ba. Garuruwan Santrokofi da Akpafu da Likpe da Lolobi an kai su Oti, alhali mazaɓarsu, Hohoe, ta rage a Volta. Ana gobe zaɓen 7 ga Disamban 2020 hukumar zaɓe ta sanar cewa shugaban ƙasa kawai za su zaɓa. Shekara huɗu cur ba su da wakili a majalisa, sai da aka ƙirƙiri mazaɓar Guan don zaɓen 2024, kujeru suka zama 276. Hukumar bincike ta ja layi, hukumar zaɓe ba ta gyara nata ba, ba wanda ya ɗora taswirar wannan a kan ta wancan.

Wadda Savannah ba ta tsira daga gare ta ba ita ce iyakar sarauta. An gina jihar ne a kan masarauta ɗaya, mai gidaje biyar da ke karɓa-karɓar gadon Yagbon: Wasipe da Kpembe da Bole da Tuluwe da Kusawgu. Amma mazaunanta ba Gwanja kaɗai ba ne. Akwai Vagla da Safalba da Hanga da Tampulma da Birifo da Lobi da Dagaba da Konkomba, ga Fulani makiyaya, ga Hausawan zango. Kpandai, inda Gwanja da ƙabilar Nawuri suka gwabza a 1991, an bar ta a jihar Arewa, wanda hikima ce. A arewa kuwa layin da ya raba Savannah da North East ya ratsa filin da Gwanja da Mamprusi kowa ke cewa nasa ne, kuma a 2023 an yi rikici a Lukula da Mempeasem. Dā kwamitin tsaro ɗaya ne a Tamale ke kiran ɓangarorin biyu. Yanzu kowane ɓangare yana da ministansa da kwamitinsa, sai an haɗa Damongo da Nalerigu, hedikwatar North East, kafin a zauna. A Agustan 2025 kuma rikicin fili a Gbiniyiri, cikin gundumar Sawla-Tuna-Kalba, ya ci rayuka, dubban mutane suka haye Baƙin Volta zuwa Kwaddebuwa. Ba mu ce sabuwar jiha ce ta haifar da waɗannan ba, sun girme ta. Abin da muke cewa shi ne, idan iyakar jiha ta zo daidai da iyakar masarauta, manomin da ba ɗan gidan sarauta ba yakan ji ofishin gwamnati da fada sun zama abu ɗaya, kuma hukumar bincike ba ta da hurumin warware wa ke da fili.

Damongo kanta, da aka ba ta hedikwata ba ta da ruwan famfo mai gudana. A 2020 aka ƙaddamar da aikin jawo ruwa daga Farin Volta a Yapei zuwa Tamale da Damongo. A 2021 aka sa asibitin jiha cikin shirin asibitoci 111 na gwamnatin Akufo-Addo. Har wannan gwamnati ta sauka a Janairun 2025, garin yana sha daga rijiyoyin burtsatse da motocin tanka, mai ciwo mai tsanani kuma asibitin koyarwa na Tamale ake kai shi. Wanda ya karɓi mulki, John Dramani Mahama, a Damongo aka haife shi, kuma Bole-Bamboi ya wakilta a majalisa daga 1997 zuwa 2009. Ba mai buƙatar ya nuna masa inda Daboya take.

Saboda haka, Malam Edita, muna roƙon ka tura wakilinka na Ghana ya hau motar haya daga Salaga zuwa Damongo, ya rubuta mana kuɗin mota da sa'o'in da ya ci da inda ya sauya. Ya duba inda kwalta ta tsaya a hanyar Bunjai zuwa Fufulso, ya buɗe famfo a Damongo, ya tambayi masu fito a Daboya nawa suke karɓa kan babur a watan Satumba. Masu neman sababbin jihohi a gida kuma, idan suka kawo maka takardarsu, a tambaye su garin da zai zama hedikwata, da kilomita nawa ne daga ƙaramar hukuma mafi nisa ta hanyar da mota ke bi da damina, da mazaɓu da masarautun da layinsu zai ratsa.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin mulkin gundumomi,
Tamale, Ghana.